Rawayar da ke Ƙarƙashin Firam

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, da hantsi, Allah ya karɓi ran Noeline Treloar a asibitin gundumarmu, tana da shekara saba'in da takwas. Ciwon huhu ne ya kwantar da ita tun farkon sanyin bana. Mijinta Kelvin yana gefenta har ta cika. An binne ta ranar Asabar a maƙabartar da ke bayan cocin kan tudu, inda ake hango tashar jiragen kamun kifi ta Port Lorrin, tashar da ta ƙare rayuwarta tana zanawa.

Masu shirya mujallar garinmu sun ce ni zan rubuta ta'aziyyarta, domin kowa ya san abin da ta yi mini. Na amsa musu tun kafin in san abin da na sani yanzu. Na rubuta na yage, na sake rubutawa na sake yagewa. Wannan da kuke karantawa na kai wa Kawu Kel kafin in miƙa ta. Ya karanta har ƙarshe. Bai ce in cire komai ba, bai kuma ce ya ji daɗi ba.

Anti Nol, bari in fara da alherinki, domin shi ya fi yawa, kuma ba na so abin da zai biyo baya ya sa a manta da shi.

Ba mu haɗa jini ba. Maƙwabciyarmu ce ke, gida ɗaya ne a tsakaninmu. Ina da shekara tara kika same ni a maƙale jikin tagar zauren coci ina sauraron matar fasto tana buga fiyano. Ba ki tambaye ni komai ba. Kika kama hannuna kika kai ni falonki, kika ɗage mayafin da ke kan tsohon fiyanon surukarki, kika ce, "Tun da uwar Kel ta mutu ba mai taɓa shi sai ƙura. Ki riƙa zuwa kina damun mu." Kika nuna mini inda kike ajiye makulli, ƙarƙashin tukunyar fure ta biyu. Daga ranar gidanki ya zama makarantata. Ina falo ina ɓata kiɗa, kina ɗakin zanenki a bayan bango, in na yi kuskure sau uku a wuri ɗaya sai in ji muryarki: "Tally, ko ki gyara shi ko ki zo ki sha shayi."

Ke kika koya mini kallon zane. Idan muka shiga gidan zane na gari, sai ki sa tafin hannunki ki rufe ɗan katin da ke jikin bango, wanda ake rubuta sunan zane da na mai shi. Ki ce, "Kada ki karanta, ki kalla. Idonki ba zai yi miki ƙarya ba. Mutane ne ke yi." Na riƙe maganar nan tun ina yarinya. Ina so masu karatu su ma su riƙe ta.

Alherin bai tsaya a kaina ba. Babu jirgin kamun kifi a tashar nan da ba hannunki ya rubuta sunansa ba, kuma duk wanda ya kawo miki wani abu sai ki ce ya kawo kifi kawai. Shekarar da gobarar daji ta cinye gidan iyalan Maddox, kin zauna da tsohuwar tana ba ki labarin gidan, ina ƙofa take, wane launi ne labule, ina bishiyar tufa, kika zana mata shi har ta nuna tagar ɗakinta da yatsa tana kuka. Kowace Alhamis kina gidan tsofaffi kina koya musu riƙe buroshi, kina zagin wanda ya ce ya tsufa. Ranar da zan je gwajin shiga jami'a a Hobart, ke kika tuƙa ni. Tsoro ya sa na yi ta amai a hanya, kina tsayar da mota ba ƙorafi, kina miƙo mini ruwa kina cewa, "Amayar da tsoron duka a nan, kada ki kai musu."

A watan Fabrairu na shekarar da na cika sha bakwai, mahaifina ya fita teku da jirginsa, aka samu jirgin ba a same shi ba. Mutane sun zo da abinci sun tafi. Ke kika zauna. Kin wanke kwanukanmu, kin amsa waya a madadin mahaifiyata, kin kori masu yawan tambaya. Ban taɓa jin kin ce mana mu yi haƙuri ba, aiki kawai kike yi. Duk wannan gaskiya ne, na bincika zuciyata na tabbatar babu abin da ya canza a cikinsa.

Yanzu sauran.

Kowa a garin nan ya san ƙa'idar Gasar Kallo Ɗaya, amma zan maimaita ta domin a kanta maganar take. Duk shekara ana zaɓen mai zane ɗaya ya yi sabon aiki. Masu tsara kiɗa don sha'awa, waɗanda ba sana'arsu ba ce, su shiga zaure su kalli zanen da yamma ɗaya kawai, ba suna, ba ɗaukar hoto. Sai a lulluɓe shi a kulle a ɗakin ajiya, makulli a hannun mai zanen. Kowa ya tafi ya tsara kiɗansa daga abin da ya rage masa a kai. Ranar bikin kaka a buga kiɗe-kiɗen a gaban zanen yana lulluɓe, sannan a yaye mayafin, kowane mai kallo ya jefa tsakuwar bakin teku a bokitin wanda yake ganin kiɗansa ya kama yanayin zanen. Sharaɗi biyu ne kawai: kada mai kiɗa ya sake ganin zanen, kada mai zane ya ji kiɗan kafin ranar.

Shekarar da mahaifina ya ɓace, ke aka zaɓa. Ke ce kuma kika sa sunana a gasar ba tare da kin tambaye ni ba, kika ce zama ba aiki zai kashe ni.

Zan faɗi abin da na gani ranar kallo. Tasharmu ce da safe, jirage suna fita. A saman ruwa da rabin sararin sama akwai rawaya, mai ƙarfi, irin wadda ke sa mutum ya ɗan runtse ido. Zane ne na farin ciki, kamar yawancin ayyukanki na lokacin. Na tsaya a gabansa har aka ce lokaci ya yi.

Na koma falonki na zauna a gaban fiyano, na yi ƙoƙarin rubuta rawayar. Hannuna ya ƙi. Duk abin da ya fito a hankali yake tafiya, a ƙasa-ƙasa, hannun hagu yana maimaita abu ɗaya kamar ƙarar injin jirgi da ke nisa. Na san bai dace da zanen ba. Na kuma san sharaɗin gasar, shi ya sa na tambaye ki ko in koma zauren coci da gwaji, tun da bangon da ke tsakanin falonki da ɗakin zanenki katako ne. Kika ce, "Ni in ina aiki, ko jirgin sama ya faɗo kan rufin nan ba na ji." Na yarda. Da na ce zan janye daga gasar, ba ki ma fito ba, daga bayan bango kika ce in gama abin da na fara.

Ranar biki, na lura an ɗaura igiya a gaban zanen, ba a barin kowa ya matso. Ba a taɓa yin haka ba kafin shekarar. Na lura, amma ban yi tunanin komai ba.

Wanda aka fi sa wa ido shi ne Dakta Lindsay Papworth, likitan haƙoran garin nan da ya yi ritaya, mai busa babban ƙaho a ƙungiyar masu busa ta gari. Ya sha shiga gasar bai taɓa ci ba, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana ganin ya fi kowa ba. Ya zo da jar kwat da ƙungiyarsa duka. Kiɗansa mai tashi ne, na fareti, yara suka miƙe suna taka ƙafa, tsofaffi suna tafi. Da ya gama ya sunkuya sau uku. Ni aka kira a ƙarshe. Na buga nawa kaina a ƙasa, zaure ya yi tsit, na ɗauka kunya suke ji mini.

Aka yaye mayafi. Jiragen suna nan, tashar tana nan. Amma sararin sama toka-toka ne, ruwan ya yi duhu, jirgin ƙarshe yana narkewa cikin hazo. Babu rawaya ko ɗigo.

Baz mahauci ne ya fara magana daga baya. "Dakta, wane zane ka kalla? Kalandar shagon magani?" Zaure ya fashe da dariya. Wani ya ƙara, "Ku bar shi, ya saba leƙa bakin mutane, hasken fitilarsa ne ya kashe masa ido." Dakta Papworth ya tsaya riƙe da ƙahonsa, fuskarsa ta yi kalar kwat ɗinsa. Mutane suka yi layi. Ina jin ƙarar tsakuwa tana faɗawa bokitina har ta daina ƙara domin ya cika. Mahaifiyata ta rungume ni tana kuka, karon farko tun Fabrairu.

Da aka watse na same ki a bakin igiyar. Na ce, "Anti Nol, ba akwai rawaya a nan ba? Na ga rawaya."

Kika dube ni ido cikin ido. Kika ce, "Rawaya? Haba, 'yata. Ban taɓa sa rawaya a zanen nan ba. Idonki ne ya yi miki wasa. Kunnenki kuwa ya ji gaskiya."

Ina so ki san abin da wannan magana ta yi mini, tun da ba ki tambaya ba a shekara shida da suka biyo baya. Na yarda da ke fiye da idona. Tun daga ranar ba na faɗin launin abu sai na sake dubawa. Ina komawa gida daga bakin titi in duba ko na kashe murhu, ko da na ga kaina ina kashewa. A jami'a abokaina suna yi mini dariya saboda ba na cewa "na gani", sai dai "ina jin kamar na gani". Na ɗauka baƙin ciki ne ya lalata mini wani abu a kai. Har likita na gaya wa.

Sannan na gina karatuna a kai. Kundin kammala digirina tambaya ɗaya ya yi: shin kiɗan wanda ba gwani ba yana iya kama yanayin zane? Na tattara gasarmu ta shekaru da dama, na zauna da masu kiɗa da masu zane. Amsar gaskiya da na samu ita ce, wani lokaci yana kamawa, sau da yawa ba ya kamawa, kuma mutane sun fi jefa tsakuwa ga kiɗa mai sanyi ko da zanen na murna ne, domin suna ganin sanyi ya fi zurfi. Amma babin da malamaina suka fi yabawa shi ne na kaina. A ciki na ce ido yana iya manta launi, har ya ƙirƙiri wanda babu, amma kunne ya riƙe yanayin abin da aka gani. Hujjata ni ce, da ke. Kin karanta babin a teburin kicin ɗinki. Kin gyara mini waƙafi guda biyu. Kika ce ya yi kyau.

Zanen kuwa, wanda kika sa wa suna "Fita", ya yi tafiyar da babu aikinki da ya taɓa yi. An kai shi Hobart, an kai shi Melbourne. Masana da a da suke cewa zanenki na ratayawa a ɗakin cin abinci ne suka dawo suna cewa kin ɓoye zurfinki har tsufa. Na ji ki a rediyo ana tambayar ki daga ina duhun ya fito, kika ce ya daɗe a cikinki. Duk inda aka nuna shi ana ambaton yarinyar da ta kalle shi sau ɗaya ta ji abin da ke cikinsa.

Tun watan Maris nake aiki a gidan zane na gari, aikina na farko bayan digiri, kuma wasiƙarki ce ta taimaka aka ɗauke ni. Bayan rasuwarki kwamitin gidan zanen ya yanke shawarar a baje kolin ayyukanki, a buɗe da "Fita", ni kuma in buga kiɗana a gabansa. Aka ce in duba lafiyar kowane zane kafin a rataya. Firam ɗin "Fita", wato katakon da ke kewaye da zanen, wanda Kawu Kel ya yi da hannunsa, ya saki a kusurwa ɗaya. Na kwantar da zanen a kan tebur, na kwance ƙusoshin, na ɗaga firam ɗin.

A gefen zanen, inda katako ya rufe, akwai siririn layi na rawaya. Ya bi sama duka, ya sauko gefe biyu har inda ruwa ya ƙare. Na sa ma'auni: milimita takwas, kusan faɗin ƙaramin yatsa. Rawayar da na gani ce, ban yi kuskuren ta ba.

Ban yarda da idona ba, kamar yadda kika koya mini daga baya. Na ce wataƙila fentin ƙasa ne da masu zane ke fara shafawa. Sai na juya firam ɗin. A leɓensa na ciki akwai busasshen fenti toka-toka, inda buroshi ya goge shi, kuma a jikin zanen tokar ta tsaya cak a daidai inda katako ya fara. An yi tokar ne zanen yana cikin firam. Kuma a cikin firam yake ranar da muka kalle shi. Na zauna a ƙasan ɗakin ajiya na daɗe ban tashi ba.

Na sami Kawu Kel a rumfar aikinsa a bayan gida, yana goge katakon da ba ya bukatar gogewa. Na ajiye firam ɗin a gabansa. Ya duba leɓen, bai yi mamaki ba.

Ya ce, "Na gaya mata ta bari in cire shi tukuna. Ta ce babu lokaci."

"Yaushe ta yi?"

"Wata Lahadi, muna coci. Saura kwana kaɗan biki. Ni na ɗaura igiyar, don kada wani ya taɓa ya kwaso fenti a hannu."

"Kawu Kel, na tambaye ta. Ta ce ban gani ba."

Ya ajiye katakon. "Tally, kullum kina falo kina buga abin nan, tana bayan bango ba ta aiki, tana zaune kawai. Ta ce in aka yaye mayafi aka ga rawaya, garin nan zai tausaya miki, kuma tausayi zai ƙarasa ki. Mayar da firam ɗin, 'yata. Ta mutu. Wa zai amfana?"

Na ce masa ban sani ba, amma ni ce zan rubuta katin da za a manna a bango, kuma ba zan iya rubuta abin da na san ba haka yake ba.

Daga nan na tafi gidan Dakta Papworth. Tun shekarar bai sake shiga gasar ba, kuma har yau in ya shiga shagon Baz sai wani ya tambaye shi ko ya ga rana. Na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu.

"Malama Bresnehan, tun daga bakin ƙofar zaure na ji warin ɗanyen fenti. Hancina lafiyarsa ƙalau, idona ma haka."

"To me ya hana ka magana, Dakta?"

"In miƙe a gaban gari in ƙwace tsakuwa daga hannun yarinyar da teku ta cinye wa uba wata uku da suka wuce? Ina cire wa mutane haƙori, amma ban kai nan ba." Ya gyara zama. "Ke ban riƙe ki da komai ba. Amma ita, na jira ta zo ta ce, Lindsay, ka yi haƙuri. Shi ke nan. Kin san abin da ta yi? Kek ta aiko mini duk Kirsimeti. Kek, ga mai ciwon suga."

Na yi dariya, sai kuka ya biyo baya. Ya miƙo mini hankici yana kallon bango. Da zan tafi ya ce, "Kiɗana ya kama zanen, ko ba haka ba?" Na ce ya kama shi sarai. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa abin da ya sani.

Anti Nol, na juya maganar nan ta kowace fuska. Na yarda kin yi don ni. Na yarda kin lalata zanen da kike so domin kada a ji tausayina a bainar jama'a, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zane. Da a nan kika tsaya, da na iya ɗauka. Amma kin bar dattijo ya zama abin dariya saboda ya ga daidai. Kin dube ni kin ce idona ya yi ƙarya, ke da kika koya mini cewa ba ya yi. Kuma akwai na uku, wanda ya fi hana ni sukuni. Duhun da ke cikin "Fita" ba a cikinki ya daɗe ba. Ta bangon katako ya shigo miki. Nawa ne, na mahaifina ne. Kin saurari kiɗana kin zana shi, kuma kin zana shi da kyau, babu wanda ya taɓa fahimtar abin da na buga kamar yadda buroshinki ya fahimce shi. Sannan kika bar duniya ta ɗauka ni ce na bi ki. An tambaye ki a rediyo, kina da damar faɗa. Kin zauna a kicin kina gyara mini waƙafi, kina da damar faɗa. Na ziyarce ki a asibiti ranar Lahadin ƙarshe, kin riƙe hannuna kin ce in riƙa cin abinci.

Ban san ko kin yi shiru don kare ni ba ne, ko don kare zanen da ya ɗaukaka sunanki. Wataƙila ke ma ba ki sani ba. Ba zan iya tambayar ki ba, kuma wannan ma ina jin haushinsa.

Abin da kika ɗauke mini shi ne amsa. Da an yaye mayafi an ga rawaya, da na san na faɗi, da na san dalili, da na koyi wani abu. Yanzu ina da digiri da aiki da kofin gasa a kan kabad ɗin mahaifiyata, amma ban san ko na iya abin da aka ce na iya ba. Na rubuta wa malamina na jami'a na gaya masa babin nan ba shi da tushe. Zan sake shiga gasar a kaka mai zuwa, in ji abin da tsakuwa za ta ce. Na roƙi masu shirya gasar daga yanzu makullin ɗakin ajiya ya riƙa zama a hannun wani, ba mai zane ba.

Kwamitin gidan zane ya so a mayar da firam a yi shiru. Na ce zan bi abin da Kawu Kel ya ce, domin matarsa ce, amma in an mayar to a nemi wani ya rubuta katin. Washegari Kawu Kel ya shigo gidan zane da hularsa a hannu. Ya tsaya a gaban "Fita" yana kallon layin rawayar, ya daɗe. Sannan ya ce, "Wannan ce safiyar da na sani. Na ɗauka ba zan sake ganin ta ba." Ya juya ga shugabar kwamiti. "Zanen nata ne. Firam ɗin nawa ne. Ku ba ni abina." Ya sa shi a hammata ya fita.

Saboda haka ranar Asabar, biyar ga Satumba, za a rataya "Fita" ba firam, kuma ba igiya a gabansa. Duk mai so ya matso ya gani. Dakta Papworth da ƙungiyarsa za su fara buga kiɗansu, domin shi ne kiɗan zanen da muka kalla. Na kai masa kofin, ya ce in ajiye, amma yana so Baz ya zauna a layin gaba. Bayansu zan buga nawa. Katin bango gajere ne, ga abin da ya ce: "An zana shi sau biyu. Na farko kafin kiɗan Lindsay Papworth, na biyu bayan kiɗan Tahlia Bresnehan." Na duba kowace kalma. In wani ya sa tafin hannu ya rufe katin ya kalli zanen kawai, ba zan hana shi ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu Kel, wanda ya ɗauki nauyin sirrin da ba nasa ba, ya kuma sauke shi da hannunsa. Allah ya ba shi juriyar gidan da ya yi shiru. Ina miƙa ta ga ɗansu Warwick da iyalinsa a Perth, da ƙanwarta Merle, da tsofaffin da ke jiran Alhamis, da masunta da sunayen jiragensu za su fara dushewa ba mai sabunta su. Ku yi haƙuri da abin da na rubuta. Da na iya yin shiru ba tare da na yi ƙarya ba, da na yi.

Anti Nol, Allah ya jiƙanki. Allah ya saka miki da fiyanon da kika buɗe mini, da kwanukan da kika wanke, da duk tsayuwar da kika yi a hanyar Hobart. Ya haskaka makwancinki, ya sa kin huta. Makullinki yana nan ƙarƙashin tukunyar fure ta biyu, ban iya ɗauka ba tukuna. Ni ban gama yafe miki ba, kuma ba zan ce na gama ba alhali ban gama ba. Ina roƙon Allah ya yafe miki tun yanzu, kada ya jira ni.

Tahlia Bresnehan
Port Lorrin